Vespar da na gada tana ta cin fulogi, yaya ake haɗa mata mai?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Vespa PX 150 na gada wajen mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, irin wadda ba ta da tankin baƙin mai daban, sai dai a haɗa da fetur a tanki ɗaya. In na sha lita 4, sai in juye mata gwangwanin madara guda na baƙin mai, irin na mota. Yanzu hayaƙin da take yi har na bayana toshe hanci yake, fulogi uku na canza a wata ɗaya, ga wani baƙin maiƙo yana ɗiga daga salansa. Ranar Juma'a kik goma sha biyu na buga a ƙofar masallaci, jama'a na kallo. Man ne ya yi yawa, ko injin ne ya gaji?

Wani bakanike daga Zariya: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗan uwa, ba injin ba ne, kai ne kake ɗura mata. Ƙa'idar PX kashi 2 cikin 100 ce, wato mililita 20 na mai a kowace lita ta fetur. Lita 4 mililita 80 take so. Gwangwanin madara kuwa yana cin wajen 150, ka ga kusan ninki biyu kake zubawa. Je kemis ka sayi sirinji mai cin 20, ka cire allurar: lita ɗaya, sirinji ɗaya. Sannan ka bar man mota. Injin nan ba ya ajiye mai a ƙasa kamar na Boxer, man yana bin fetur ya shafe fistin da boris, sannan ya ƙone tare da shi. Shi ya sa aka yi wanda ake rubuta wa 2T, don ya ƙone ba tare da barin toka mai yawa ba. Duba bayan robar, in ka ga JASO FC ko FD, shi ne mai ƙarancin hayaƙi.

Wani dattijo: Yaro, mu da muka hau Vespa tun kana goye, baƙin mai lamba 40 muke zubawa, kuma ta kai mu Funtuwa ta dawo da mu. Gara ya yi yawa da ya yi kaɗan.

Bakaniken: Baba, da gaskiyarku, tana tafiya. Amma ku tuna sau nawa kuke kwance salansa a ƙona ta a wuta don baƙin da ya toshe ta. Inda na yarda da ku ɗari bisa ɗari shi ne ƙarancin mai ya fi muni: yawa fulogi yake ci, ƙaranci kuwa fistin ne zai kama kana cikin gudu, tayar baya ta ƙulle. Shi ya sa awo ya fi kintace.

Wani tsohon ɗan acaɓa: Abu ɗaya da ba a faɗa ba. Kafin ka zuba man, rufe famfon fetur. In ba haka ba, man zai gangara kai tsaye cikin kafireto tun bai gauraya ba, ka yi ta buga kik a banza. Man tukuna, fetur a kansa, ka ɗan jijjiga ta, sannan ka buɗe. Kuma a gangara mai tsawo kada ka saki totur gaba ɗaya kana cikin giya, ɗan taɓa shi lokaci-lokaci, don fetur kaɗan na nufin mai kaɗan ke isa fistin.

Wata 'yar uwa: Ƙaramin janaretonmu ma haka ya yi ta yi, ashe yaranmu da murfin gora suke auna masa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na juye tsohon haɗin, na sa sabon fulogi, na auna sirinji huɗu a lita 4. Kik biyu ta tashi yau da safe. Hayaƙin dai bai ɗauke duka ba.

Bakaniken: Tsohon maiƙon da ya taru a salansa ne yake ƙonewa. Hau ta mako guda, sannan ka kwance fulogin. In bakinsa ya yi ruwan ƙasa kamar shayi da madara, ka dace. In har yanzu baƙi ne jiƙe, sai a duba kafireto da matatar iska.