Ƙoƙon gwiwar yarinyata yana gocewa: wa ya kamata mu gani a Legas?

Maman Hanifa (Agege): Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarinyata mai larurar Down ta shiga shekara shida, kuma tun bayan ƙaramar sallah na lura cewa idan ta miƙe daga zaune ƙoƙon gwiwarta ta hagu yakan goce gefe, sai ta taka ya koma da kansa. Ba ta kukan ciwo sosai, amma faɗuwa ta yi mata yawa, kuma ta daina yarda ta hau matakalar gidanmu sai an riƙe ta. Surukata ta ce a kai ta wurin mai ɗori. Ina neman shawarar waɗanda suka ga irin wannan.

Malam Sani (Idi-Araba): Wa'alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Maman Hanifa, ki ba surukarki haƙuri cikin ladabi, domin aikin mai ɗori karaya ne, wannan kuwa ba karaya ba ce. Masu larurar Down ana haihuwarsu da kuromosom (wato abubuwan da ke ɗauke da gadon halitta a jiki) 47 maimakon 46, ƙarin yana kan na 21, kuma daga cikin abin da hakan ke haifarwa akwai laushin tsoka da sakin jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi. Ƙoƙon gwiwa yana tafiya ne cikin wani ɗan kwari a ƙarshen ƙashin cinya, to idan jijiyoyin sun yi sako-sako, kwarin kuma ba shi da zurfi, sai ya riƙa zamewa waje. Ja da matsa da ɗaurin karare ba sa tsuke jijiya, sai dai su ƙara mata lahani. Ki kai ta Asibitin Ƙashi na Igbobi da ke kan titin Ikorodu, ko ki fara da likitan yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) da ke Ikeja, tunda ya fi kusa da ku, ya ba ki takardar turawa.

Hajiya Binta (Obalende): 'Yata, kafin ki tafi ki duba mini abu biyu. Ki juya takalmanta ki ga ko gefen ciki na dunduniyar ya fi cinyewa, sannan ki jiƙa mata ƙafa ta taka busasshen siminti. Idan sawun ya fito cikakke, ba wani lanƙwasa a tsakiya, tafin ƙafarta a shimfiɗe yake, abin da ya yawaita ga yaranmu. Irin wannan ƙafar tana kwantar da idon sawu ciki, gwiwa ta bi shi, har gwame ya ƙaru, shi kuma gwame yana tura ƙoƙon waje. Nawa ɗan an yi masa abin sawa cikin takalmi da ya dace da ƙafarsa, aka hana shi silifas, aka ce ya riƙa sa takalmi mai taurin baya. Bai miƙar da tafin ba, kada in yaudare ki, amma tafiyarsa ta daidaita kuma ya rage gajiya.

Baban Yusuf (Mile 12): Ni ina ganin kada a ɗora komai a kan larurar. A ƙasar nan ana samun yara masu lanƙwasar ƙafa saboda ƙarancin sinadarin kalshiyam a abinci, kuma binciken da aka yi a Jos ya tabbatar da hakan. Ya kamata likita ya duba wannan ma, musamman idan wuyan hannunta ya yi kauri.

Malama Zulai (Alaba Rago): Maganar Baban Yusuf tana kan hanya, sai dai kada a saya mata ƙwayoyi a kemis kafin gwaji. A sashen gashin ƙashi nake aiki, kuma abin da na fi so iyaye su riƙe shi ne ciwon gaɓar ƙugu yakan ɓuya ya bayyana a gwiwa. Saboda haka ki roƙi a duba ƙugunta, a ɗauki hotonsa idan likita ya ga dama, domin ga waɗannan yara gaɓar ƙugu ma tana gocewa, kuma wajen balaga kan ƙashin cinya yana iya zamewa daga mazauninsa, musamman ga yaro mai ƙiba ko wanda tayirod ɗinsa, wato wata gaɓa a gaban wuya mai daidaita girma da kuzarin jiki, ba ya aiki sosai. Shi ya sa ake so a yi musu gwajin tayirod kowace shekara. Ki kuma ɗauki bidiyo da wayarki lokacin da ƙoƙon ke gocewa, domin sau da yawa a gaban likita ba ya yi. Magani yakan fara ne da motsa jiki mai ƙarfafa naman cinya da na ɗuwawu, wani lokaci tare da abin ɗaure gwiwa. Tiyata tana zuwa ne idan ƙoƙon ya zauna a waje ko tafiya ta gagara, kuma idan gwame ya yi tsanani akwai ƙaramin ƙarfe da ake sawa a gefen da ƙashi ke tsiro, ƙafar ta miƙe a hankali yayin da yaro ke girma.

Malam Sani (Idi-Araba): Malama Zulai, ki faɗa mata alamun da ba a jira da su.

Malama Zulai (Alaba Rago): Gwiwa ta kumbura ta yi zafi, ko ta ƙi taka ƙafar gaba ɗaya, ko ɗingishi ya zo da zazzaɓi, fari-fat da tabon jini a fata, a tafi asibiti a ranar, domin sankarar jini ta fi samun yaranmu fiye da sauran yara. Haka nan idan tafiyarta ta sauya tare da ciwon wuya, ko karkatar da kai, ko fitsari ya fara kuɓuce mata bayan ta iya riƙewa, to ana zargin ƙasusuwan wuya biyu na sama, waɗanda su ma jijiyarsu ke saki. Wannan ma dalili ne da ba za a bar kowa ya murɗa mata wuya ba.

Maman Hanifa (Agege): Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na duba takalman, gefen ciki ya cinye kamar yadda kika ce. Gwajin tayirod kuwa tun tana shekara uku rabonta da shi, don haka zan nemi a haɗa shi da hoton ƙugun. Malama Zulai, kafin mu samu ganin likita, in bar ta ta ci gaba da hawa matakalar ina riƙe da ita, ko in dakatar?