Rigar kariya: me ya sa ɗan siyasa ba ya gurfana kamar kowa?

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Masana shari'a, ku taimaka. Talaka ya ci bashin jika hamsin, washegari sai sammaci daga komisariya. Dapite ko minista kuwa sai an tsaya cire masa rigar kariya. Ina hujjar wannan bambanci?

Hajiya ta Zango: Wa alaikumus salam, ƙanena. Rigar iri biyu ce a tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka dakatar bayan 26 ga Yulin 2023. Ta farko: ba a tuhumar dapite kan abin da ya faɗa ko ƙuri'ar da ya jefa a majalisa. Wannan kam dole ce, in babu ita wa zai iya titsiye minista kan kuɗin ƙasa? Ta biyu ita ce mai rigima: ba a kama shi lokacin zama sai da izinin majalisa, in ana hutu sai da izinin kwamitin shugabanninta, sai fa in an kama shi dumu-dumu. Jinkiri ne kawai, laifin yana nan.

Malam na Garin Malam: Hajiya, jinkirin nan ai shi ne cutar. A wancan tsarin mulkin na 2010, shugaban ƙasa da ministoci kotu ta musamman ke yi musu shari'a, kuma majalisa ce ke buɗe ƙofar da ƙuri'arta. Shugaba sai kashi biyu cikin uku, wato 114 cikin dapitoci 171, minista sai fiye da rabi. Jam'iyyar da ke da rinjaye za ta miƙa nata? Shi ya sa rigar ba ta cika fita ba sai an ɓata ko mulki ya kuɓuce. Dubi waɗanda aka cire wa rigar: marigayi Hama Amadu a 2008 da 2014, marigayi Tandja a 2010 bayan juyin mulki, Bazoum a Yunin 2024. Kafin nan takardu sun ɓace, shaidu sun watse.

Baba Sabon Gari: Malam, kada dai a yaye ta gaba ɗaya, don mai mulki zai riƙa kwashe 'yan adawa ranar ƙuri'a. A bar kariyar baki da ƙuri'a. Amma sata, filaye da bashi, alƙalai su yanke batun cirewa cikin wa'adi, misali wata guda, ba 'yan majalisa ba. Kuma a tsayar da lissafin wa'adin shigar da ƙara muddin mutum yana kan kujera. In a Damagaram aka yi laifin, a yi shari'ar a nan, ga kotun ɗaukaka ƙara muna da ita, ba sai mai ƙara ya sayar da akuyarsa ya biya mota zuwa Yamai ba.