Abin da na tsinta a hirarmu kan sana'ar ginin tukwane

Jiya da dare a unguwar Birni ta Damagaram muka zauna kan maganar ƙanwata da ke son ta riƙi ginin tukwane sana'a, to ga abin da mutane suka ce, wallahi na ƙaru.

Kusan kowa ya ce ta fara zuwa Mirya, tunda ga ta nan kusa da Damagaram, ta zauna wajen tsofaffin magina ta koyi kwaɓa yumɓu tukuna kafin ta yi zancen zane da ado. Wata inna da ta tsufa cikin aikin ta ce yawancin asara daga gaggawa take, in tulu bai bushe sarai a inuwa ba ka kai shi wuta fashewa zai yi, kuma a riƙa daka tsingaro ana zubawa cikin yumɓun don ya jure wuta, ta ce da hannu ake gane ya yi, sai ya daina manne ma yatsa. Damina kuwa a rage aiki.

Wajen kuɗi an ɗan yi gardama. Wasu sun ce randa da tulu su ke kawo na cefane kullum, wasu suka ce kaskon turare da tukwanen fulawa masu ado sun fi riba, musamman in ana ɗaukar hoto da portabul a sa WhatsApp, ko a kai SAFEM, wato baje kolin sana'o'in hannu na mata, a Yamai. Ni dai ina ganin ta haɗa biyun.

Wani malami ya tuna mana Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan naira 20, ita ma da tukwanen gida ta fara kafin ta shiga makarantar tukwane ta Abuja (wadda yanzu ake kira Suleja) a 1954. Ƙanwata ta ce ran Lahadi za ta Mirya.