Wace kalma za mu ba "Group III" na Kofin Davis?

1/
Salamu alaikum, masu fassara da ma'abota labarin wasanni. Kalma nake nema, kuma tun watan Yulin 2024 abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. A watan ne Abuja ta karɓi baƙuncin matakin da hukumar tanis ta duniya ke kira "Africa Group III" na Kofin Davis, wato gasar tanis ta maza da ake yi ƙasa da ƙasa. Ni na fassara labarin a gidan rediyon da nake wa aiki, na rubuta "rukuni na uku". Da daddare na je majalisarmu ta wajen mai shayi, sai wani dattijo, tsohon direba da ba ya rabuwa da 'yar rediyonsa a aljihun gaba, ya ce da ni: "Yaro, na ji kun ce rukuni na uku. To su wa ke rukuni na ɗaya da na biyu? Su ma suna Abujar?" Sai da shayina ya huce ina bayani, kuma na ga a fuskarsa bai gamsu ba.

2/
Gaskiyar Baba ce. Ƙwallon ƙafa ta riga ta koya mana cewa rukuni ƙuri'a ce ke raba shi. A Kofin Afirka, rukunin A bai fi rukunin C daraja ba, duk lokaci guda suke wasa, kofi ɗaya suke nema a wata ɗaya. A Kofin Davis lambar nan matsayi take nunawa: na uku yana ƙasa da na biyu, na huɗu yana ƙasa da na uku.

3/
Ga yadda abin yake. An fara gasar a 1900 a Boston, tsakanin Amurka da Birtaniya kaɗai, Dwight Davis ne ya sayi kofin da kuɗinsa. Da ƙasashe suka yi yawa sai aka raba su shiyya-shiyya a 1923. A tsarin yanzu, na ɗaya da na biyu na duniya ne baki ɗaya, daga na uku zuwa ƙasa kuma kowace shiyya da nata: Afirka, Turai, nahiyar Amurka, sai Asiya da Oshiniya a haɗe. A na shiyya ana tara ƙasashen a gari ɗaya na 'yan kwanaki. Na gaba-gaba su samu damar neman hawa, na ƙarshe su gangara. A Abuja, Najeriya da Namibiya da Zimbabuwe suna cikin waɗanda suka wuce. A Fabrairun 2025 Najeriya ta je Pretoria neman hawa, Afirka ta Kudu ta tare mata hanya, ta dawo inda ta fito.

4/
Tun kafin a ce "share fage", na gwada ta. Share fage ana yin sa ne dab da babban taro. Ƙasar da ta yi nasara a Abuja a 2024, ko da ba ta sake shan kaye ko sau ɗaya ba, sai ta ci a Fabrairu da Satumban 2025, ta ci a Fabrairu da Satumban 2026, sannan a 2027 ta shiga ainihin neman gurbin zagayen ƙarshe, irin wanda Italiya ta lashe a Malaga a 2023 da 2024. Idan muka ce share fage, mai sauraro zai zaci bana za a kara da su Jannik Sinner, gwanin tanis na Italiya, mun sa masa rai a banza ke nan.

5/
Na gode da amsoshinku. Ni da farko "aji na uku" na so, saboda muna cewa ajin masu nauyi a dambe. Sai wata Hajiya, malamar firamare, ta rubuto mini cewa a wajen duk wanda ya taɓa zaman makaranta, ɗan aji uku ya fi ɗan aji ɗaya. Hajiya, kin gama magana, na janye. Matsalar nan ita ce ta kashe "mataki na uku" da "hawa na uku" ma, don wanda ke hawa na uku na bene yana saman na ɗaya ne.

6/
Masu cewa "ajin gajiyayyu" ko "'yan dagaji", na san haka muke faɗa idan ƙungiya ta faɗo daga Firimiya. Amma ba zan iya sa wannan suna a kan yaran da na gani suna atisaye da rana tsaka, wasu da kuɗin aljihunsu suke ɗaure wa raket igiya ba. Ban da haka, kalmar ba ta ƙirguwa. Me za mu kira na huɗu?

7/
Kalmomi biyu suka rage a hannuna, duka biyun lamba ɗaya ce babba a cikinsu.

Ta farko "daraja ta uku". Wani Malam daga Katsina ya tuna mana cewa muna cewa sarki mai daraja ta ɗaya, mai daraja ta biyu, kuma kowa ya san wanda ya fi. Malam, Allah ya ƙara ilimi, wannan hujja ce mai ƙarfi. Abin da ya riƙe ni shi ne darajar sarki kan daɗe ba ta motsa ba, a nan kuwa kowace shekara wasu na hawa wasu na sauka.

Ta biyu "sahu na uku". Ita ce ta kwanta mini. Babu Bahaushen da za a tsaya yi wa bayanin cewa sahun farko ne a gaba. Kuma ku duba yadda sahu yake a masallaci: idan wuri ya buɗe a gaba, na bayansa ne ke matsawa ya cike, ba wanda ke tsallake sahu biyu lokaci guda. Haka gasar take. Kalmar ta zo da 'yan rakiyarta ma, ba sai mun ƙirƙiro ba: ta matsa sahun gaba, ta koma sahun baya, ta zauna a sahunta. Sannan ta bar mana "rukuni" ya yi aikinsa na gaskiya, don a shekarun da ƙasashen suka yi yawa ana kasa su gida biyu a cikin sahu ɗaya, waɗannan kam rukuni ne.

Wani ya ce ai muna cewa "sahun farko na alhazai ya tashi", kada a ɗauka jerin lokaci ake nufi. Na yarda akwai wannan. Amma da zarar an ce "sahu na uku na shiyyar Afirka", an kuma ji ana hawa ana sauka, ba na jin za a rikice.

8/
Akwai wata 'yar kalma da ta biyo baya, "tie". A nan ba kunnen doki take nufi ba, na taɓa jin an fassara ta haka. Haɗuwar ƙasa da ƙasa ce gaba ɗayanta, wadda a sahun shiyya ke ɗauke da wasa uku: biyu na mutum ɗai-ɗai, ɗaya na bibbiyu. A manyan sahu wasa biyar ne cikin kwana biyu. Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya ce haka ake yi a kokawar takobi ta Nijar, jiha ta fito da 'yan kokawarta goma, a ce Maraɗi ta kara da Dosso, alhali kowane mutum da abokin kamunsa. Yaya, ka ba mu amsa: karawa ta ƙasashe ce, wasa na 'yan wasa ne. Na guji "karo" don kada "karo na biyu" ya zama sau biyu. "Set" kuma, wato kashi-kashin da ake raba wasa ɗaya, dambe ya riga ya ajiye mana turmi.

9/
Jiya na koma wajen Baba direba na karanta masa haka: "A sahu na uku na shiyyar Afirka, Najeriya ta ci karawarta da wasa biyu da ɗaya, za ta nemi matsawa sahu na biyu a watan Fabrairu." Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ashe da sauran tafiya kafin a kai bayan liman." Da "sahu" zan rubuta labari na gaba. Abokan aiki na Kano, Kaduna, Yamai da Maraɗi, ku gwada ta a bakin makirfo ku faɗa mini yadda ta zauna.