Ta ina za mu fara neman dangin uwarta a Denmak?

Goggo, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum jama'a. Yayana ya yi karatu a Amurka, can ya auri Baturiya wadda iyayenta suka yi ƙaura daga Denmak bayan yaƙin duniya na biyu. Bara Allah ya yi mata rasuwa. 'Yarsu ta zo mana hutu, ran nan Hajiyarmu na tankaɗe a tsakar gida tana lissafo mata kakanninmu, har wanda ya baro Zariya da jakinsa. Yarinyar ta yi shiru, can ta ce, "Goggo, na wajen Mama fa?" Wallahi na rasa ta cewa. Abin da uwar ta bari gwangwanin biskit ne, ciki da hoton auren iyayenta, wasiƙu huɗu da ba mai iya karantawa, sai sunan Jensen. Ku taimaka.

Malamin tarihi, Kawo: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da haƙuri. Kada ku bi sunan nan, zai ɓatar da ku. Jensen ai "ɗan Jens" ne kawai, irin yadda Musa Ibrahim kan haifi Ali Musa. Da can sunan na canzawa daga uba zuwa ɗa, mace kuwa a ce mata Jensdatter. A 1828 hukuma ta ce kowane gida ya tsaya kan suna ɗaya, mutanen karkara suka yi biris, sai da aka sake jaddadawa a 1856. Shi ya sa masu Jensen ba sa ƙirguwa, kuma yawanci ba abin da ya haɗa su.

Ƙauyen da aka haifi kakan ko kakar za ku nema. A Denmak cocin kowace gunduma ke rubuta haihuwa, aure da mutuwa, kuma ma'ajiyar tarihin ƙasar ta ɗora hotunan littattafan a shafinta na intanet, Arkivalieronline, kyauta ne. Akwai ƙidayar jama'a tun ta 1787, gida-gida, da shekarun kowa da sana'arsa. Amma in ba sunan gundumar, laluɓe ne a duhu. Yayanki ya duba takardar zama ɗan ƙasa ta surukinsa a Amurka, ana rubuta wurin haihuwa.

Ɗan Numan, Sabon Tasha: Mama, kan wasiƙun nan zan sa baki. Cocinmu na Lutheran mutanen Denmak suka kafa shi, Dakta Bronnum ya iso Numan a 1913, zumuncin bai yanke ba har yau. Ki ɗauke su a waya, baya da gaba har ambulan, zan tambayi dattawanmu ko a samu mai jin harshen.

Goggo, Unguwar Rimi: Allah ya saka muku da alheri. Yanzun nan muka juya bayan hoton, ashe akwai hatimin mai hoto, an rubuta Aalborg. Malam, wannan gari ne ko gunduma? Yarinyar na nan kusa da ni riƙe da biro.