Neman shawara: karen da ke gadin garkenmu ya shanye ta baya, yaya zan taimaka masa ya koma tafiya?

Mai tambaya, daga Alaba Rago:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina sayar da raguna a nan kasuwar Alaba Rago da ke Legas, kuma ina da kare mai suna Duna wanda ya shekara 4 yana kwana a bakin garke, har ta kai ko ɓarawon igiya ba ya kusantar wurin. Mako 3 da suka wuce Keke Napep ta buge shi da asuba, tun daga ranar ƙafafunsa na baya suka daina ɗaukarsa. Likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙashi, ya ce ƙashin baya bai karye ba, amma lakar ta bugu ta kumbura. Ya ba da magani, ya ce a hana shi yawan motsi. Yanzu yana cin abinci sosai, yana jan gindi da ƙafafun gaba, kuma shekaranjiya na ga bindinsa ya motsa da na kira sunansa. Wasu abokan sana'a sun ce in kai shi wurin mai ɗori, wasu kuma sun ce in rabu da wahala in kai shi bola. Zuciyata ba ta yarda da na biyun ba. Ina roƙon wanda ya san kan lamarin ya nuna mini yadda zan fara tsayar da shi.

Wani dattijo, daga Agege:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka saurari masu cewa ka yar da shi, domin dabbar da ta tsare maka dukiya tana da hakki a kanka, kuma hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne. A namu sanin na kiwo, dabbar da ta shanye ana gasa mata baya da ruwan zafi safe da yamma, a shafa man zafi. Ka gwada, Allah Ya sa a dace.

Likitar dabbobi, daga Ikeja:

Baba, a gafarce ni, zancenku na farko gaskiya ne, amma gashin yana da hatsari a nan. Karen da bayansa bai gama dawo da ji ba zai iya ƙonewa har fata ta saluɓe bai yi ko ƙara ba, man zafi kuma lashe shi zai yi. Mai ɗori ma ba wurinsa ba ne, tunda babu karayar da za a ɗora, kuma ja ko murɗa bayan da lakarsa ta bugu na iya mayar da ciwon da ake sa ran warkewarsa ya zama na dindindin.

Malam, kafin maganar tsayuwa ka yi wannan gwajin sau ɗaya: ka matse yatsan ƙafarsa ta baya da ƙarfi, idonka a kan fuskarsa. Idan ƙafar kawai ta janye, wannan zabura ce da laka ke yi ita kaɗai, ba ta nuna komai. Idan kuwa ya waiwayo, ko ya yi kuka, ko ya nemi cizo, to saƙon ciwo yana isa ƙwaƙwalwa, kuma wannan ce alamar da muka fi dogara da ita wajen sa ran kare zai sake tafiya. Motsin bindin da ka gani yayin da ka kira shi ma alheri ne.

Babban hatsarin da ke kan irin waɗannan karnuka shi ne matsalar fitsari da gyambo, ba rashin tafiyar ba. Ka lura ko yana fitsari da nufinsa ne, ko kuwa ɗiga yake yi saboda mafitsara ta cika ta batse. Idan na biyun ne, ka koma likitanka ya nuna maka da hannu yadda ake matse ta sau 3 ko 4 a rana, domin fitsarin da ya kwanta yana jawo cuta har zuwa ƙoda. Ka shimfiɗa masa katifa mai laushi a inuwa, ka riƙa juya shi daga gefe zuwa gefe duk bayan awa 4 zuwa 6, ka wanke ka tsane duk inda fitsari ya taɓa. Ka san danshin Legas, ga ƙudan kasuwar dabbobi: ƙaramin ƙujewa a ƙugu zai iya yin tsutsa cikin kwana biyu. Jan gindin nan a kan siminti ka hana shi tun yau. Sannan kada ka ba shi maganin ciwo na mutane irin su ibuprofen ko diclofenac, suna huda wa kare ciki kuma suna lalata ƙoda.

Game da motsa jiki, yawanci ana tsare su mako 4 zuwa 6, don haka sai likitan da ya duba shi ya ba ka izinin tsayarwa. Amma tun yanzu za ka iya kwantar da shi a gefe, ka riƙe ƙafa ɗaya a hankali kana lanƙwasawa kana miƙewa kamar mai tuƙa keke, sau 10 zuwa 15, sau 3 a rana, don kada gaɓoɓin su sandare naman ya tsotse.

Wata 'yar'uwa, daga Idi-Araba:

Yaya, na yi jinyar irin wannan a gidan da mijina ke gadi, kuma tawul ne ya yi mana aiki. Ana zura babban tawul ta ƙarƙashin cikinsa gab da cinya, a kama bakin biyu a ɗaga har tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa, sannan wani ya durƙusa ya gyara yatsun su zauna daidai, domin za ka ga suna naɗewa yana taka bayan ƙafa bai sani ba. Mun fara da tsayuwa kawai, muna sassauta tawul ɗin kaɗan-kaɗan muna ƙirga daƙiƙa, sai daga baya muka shiga taku. A kan tayil zamewa yake yi ya tsorata, saboda haka mun koma kan tabarma da yashi. Namu ya kusa wata 3 kafin ya taka da kansa, kuma har yanzu yana ɗan tangaɗi in ya yi sauri. Bayana ni ma ya ji jiki, don haka ka nemi yaro ya kama maka.

Mai tambaya:

Allah Ya saka da alheri, Baba, Likita da 'yar'uwa. Na matse yatsan jiya da daddare, Duna ya waiwayo ya yi gurnani har ya kusa kama mini hannu, kuma ban taɓa jin daɗin gurnanin kare irin na jiya ba. Da na juya shi kuma na tarar da ja a ƙugun hagu, faɗin kwabo, wanda ban lura da shi ba sam. Na wanke na tsane, na ɗauke shi daga siminti zuwa tsohuwar katifa a cikin rumfa. Gobe zan kai shi a duba wurin, a koya mini matse mafitsarar, kuma zan tafi da tawul ɗin don in tambayi ranar da za mu fara.