Sabar ta biyu tana daɗewa kafin ta farfaɗo bayan ɗauke wuta

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL 14 ke aiki a sabar biyu, babbar a nan Sakkwato, ta biyu a Tambuwal tana kwafar WAL, wato kundin da babbar ke rubuta kowane canji a ciki. In batirin inbata ya ƙare ta Tambuwal ta mutu, takan daɗe tana maimaita WAL kafin ta karɓi aiki. An mai da checkpoint_timeout ɗinta, wato tazarar da ke tsakanin cekfoyin da cekfoyin, minti 2, ba abin da ya canza. Na babbar yana kan minti 30. Ina matsalar take?

Injiniyan Arkilla:
Wa alaikumus salam. Malam, babbar ce ke buƙatar gyaran. Sabar da ke kwafa ba ta yin cekfoyin na kanta, wato sauke duk canje-canjen da ke cikin ƙwaƙwalwa zuwa faifai da sa alamar inda farfaɗowa za ta fara. Abin da take yi shi ne restartpoint, makamancin cekfoyin a sabar da ke kwafa, kuma ba ta iya yin sa sai ta kai wurin da babbar ta rubuta alamar cekfoyin cikin WAL. Minti 2 ɗin nan ba ya aiki tunda alamar sai bayan rabin awa take isowa.

Lamarin ma ya wuce rabin awa. A sigar 14, checkpoint_completion_target yana kan 0.9, wato ana shimfiɗa rubutun faifai a kan minti 27 daga cikin 30. Farfaɗowa kuwa tana farawa ne daga inda cekfoyin na ƙarshe da ya kammala ya soma. In wuta ta ɗauke dab da kammala na gaba, WAL na kusan awa guda za a maimaita, kuma aiki ɗaya tak ke yin maimaicin.

Ka mai da na babbar minti 10. Kada ka sauko ƙasa sosai: bayan kowane cekfoyin, canjin farko a kowane shafin bayanai yana sa a rubuta shafin gaba ɗaya, 8kB, cikin WAL. Yawaita cekfoyin na kumbura WAL, layin intanet na Tambuwal ne zai ji jiki. Ka kunna log_checkpoints, mai rubuta bayanin kowane cekfoyin, don sai daga sigar 15 yake zuwa a kunne. In ka ga "wal" ne ke tayar da cekfoyin maimakon "time", max_wal_size na 1GB, wato yawan WAL da ke tilasta cekfoyin, ya yi maka kaɗan.

Hajiya ta Runjin Sambo:
Gaskiya Injiniya ya faɗa. Ƙanena, ka duba pg_replication_slots kuma. In kana amfani da slot, wato alamar da ke riƙe wa ta biyu WAL ɗin da ba ta karɓa ba, to muddin ta Tambuwal na kashe, babbar tana tara mata fayilolin WAL na 16MB ba iyaka, har faifai ya cika ita ma ta tsaya. Sa max_slot_wal_keep_size, wato iyakar wannan tarin, daidai ƙarfin faifanka. In an wuce iyakar, sai an sake gina ta biyun da pg_basebackup, mai kwafo babbar gaba ɗaya, amma ya fi a rasa babbar. Kada a goge komai cikin pg_wal da hannu, kada kuma wani ya ruɗe ka da kashe fsync, mai tabbatar da rubutu ya sauka a faifai.

Zafin Maris da Afrilu yana cin batir da wuri, don haka a saita na'urar ta gudanar da pg_ctl stop -m fast, umarnin tsayar da PostgreSQL lafiya, tun batir bai ƙare ba.

Ɗan Mabera:
Allah ya saka da alheri. Sai an kashe sabar kafin canjin ya kama?

Injiniyan Arkilla:
A'a. Gyara postgresql.conf, sannan SELECT pg_reload_conf(). Dukkansu za su kama. Bayan awa guda ka duba pg_controldata a Tambuwal, ka ga ko lokacin cekfoyin na ƙarshe yana matsowa.